BASHI DA RUWA A WUYAN ƊALIBI: SAI BANGO YA TSAGE ƘADANGARE KE SHIGA

Duk sa'ad da aka ji labarin wani ɗalibi da bashi ya shaƙe, hukuncin da ake yankewa a majalisun hira, tun daga rumfunan kasuwa har ofisoshin gwamnati, iri ɗaya ne: «Shi ya so. Wa ya aike shi?» Daga nan sai a shiga zancen salula mai tsada da ɗinkin Salla da son a sani irin na yaran zamani, a shanye shayi, a watse. Hukunci ne mai daɗin faɗi, domin ba ya taɓa kowa sai yaron da ba ya wurin balle ya kare kansa. To, mu ba mu yarda da shi ba. Ko an ce ɓera da sata, ai daddawa ma da wari, a wannan magana kuwa warin ya fi satar yawa.

Abin da muke cewa a fili yake. Rancen da ake bai wa wanda ba shi da albashi, a ce ya biya cikin wata guda da ruwa mai nauyi, an ƙera shi ne don kada ya biyu. Kuma duk wanda ya riƙe wa ɗalibi haƙƙinsa har yunwa ta kai shi ƙofar mai wannan rance, abokin cinikin mai rancen ne, ko ya sani ko bai sani ba.

LISSAFIN DA BA A SON A YI

A Ingila da Amurka ana kiran wannan sana'a da sunan rancen ranar albashi: a ba ka ɗan kuɗi yau, ba jingina, ba dogon bincike, ka mayar da su da ƙari ranar da aka biya ka. Ma'aikaci dai ya san ranarsa. Ɗalibi fa? Abin da yake da shi alawus ne na karatu wanda bai san ranar fitowarsa ba, ko ɗan saƙon da uwaye za su aiko in an sayar da wake.

Ƴan kasuwa masana lissafi ne, don haka mu ɗauki misali da kuɗinmu. Ɗalibi ya karɓi jika 20 a kan zai mayar da jika 25 ƙarshen wata. Jika 5 a kan jika 20 kashi 25 cikin 100 ke nan a wata, wato kashi 300 a shekara, ba tare da an ɗora ruwa a kan ruwa ba. Wata ya ƙare, alawus bai fito ba. Mai kuɗi ba ya fushi, murmushi ma yake yi, ya ce: «Ba komai, ƙanena, kawo jika 5 ɗin, uwar kuɗi ta jira.» Wata shida ana haka, yaro ya zuba jika 30, uwar kuɗi jika 20 tana nan daram ba a taɓa ta ba.

A nan asirin sana'ar yake. Wanda ya biya a kan kari, jika 5 kaɗai aka ci da shi. Wanda ya kasa, shi ne saniyar tatsa. Ashe ke nan mai irin wannan rance ba ya addu'ar ka samu hali. Addu'arsa ka samu abin biyan ruwa kawai, kada ka samu na biyan uwa.

Shin mai karatu ya san akwai doka a kan wannan? Ƙasashe takwas masu amfani da sefa na Afirka ta Yamma, har da Nijar, suna da dokar hana cin ruwa fiye da kima. A watan Janairun 2014 aka saukar da iyakar zuwa kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun rance da sauran masu ba da bashi. A wancan ma'auni na kashi 24, ruwan jika 20 na wata guda sefa 400 ne, dala 80 a bakin kasuwa. Ina dala 80, ina jika 5? Dokar ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya zarce iyaka, ta kuma ce abin da aka karɓa fiye da ƙa'ida a cire shi daga cikin bashin, in ya yi rara a mayar wa mai shi. Tana nan a rubuce. Yaushe rabon da ka ji an gurfanar da wani saboda ita?

DARASIN WONGA

Ga wanda ke ganin ƙorafi ne irin na ƴan jarida, ga abin da ya faru a ƙasar da ba a zarginta da rashin iya kasuwanci. A 2007 wani kamfani mai suna Wonga ya fara ba da ƙananan rance ta intanet a Ingila. Ka zaɓi adadi, ka zaɓi kwanaki, cikin ƴan mintoci kuɗi sun shiga asusunka. A 2012 ribarsa ta wuce fam miliyan 1 a kowane mako. Ya cika talabijin da talla, ya sayi gaban rigar ƙungiyar ƙwallon Newcastle, har a 2013 ɗan wasan Senegal, Papiss Cissé, ya ƙi sa rigar na wani lokaci saboda addininsa kafin a sasanta.

A watan Janairun 2012 aka gano wani shafi da kamfanin ya tanada musamman don ɗalibai, inda yake nuna musu wai rancensa ya fi na gwamnati sauƙin sarrafawa. A lokacin ruwan rancen karatu na gwamnati kashi 1.5 ne cikin 100 a shekara, na Wonga kuwa, a ma'aunin shekara, kashi 4,214. Ba kuskuren ɗab'i ba ne: dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha huɗu. Ƙungiyar ɗaliban ƙasar ta yi ca, kamfani ya janye shafin. Amma ya riga ya nuna inda idonsa yake. Ɗaliban Ingila sau uku a shekara ake ba su kuɗin zama, kuma a ratar da ke tsakanin biya da biya, lokacin da kuɗin haya ya zo aljihu ya bushe, a nan ake kafa tarko.

Magabatan Ingila sun daɗe suna cewa kasuwa ce, kowa da zaɓinsa. Da hukumar sa ido kan harkokin kuɗi ta FCA ta karɓi ragamar fannin a 2014 ta buɗe littattafai, sai ga abin da ta tarar. Kamfanin ya yi ta aika wa masu bashi wasiƙun barazana da sunan ofisoshin lauyoyin da babu su a duniya. Aka sa ya biya diyyar fam miliyan 2.6 ga mutum kimanin 45,000. A watan Oktoba na wannan shekara ya yafe bashin fam miliyan 220 da ke kan mutum 330,000, domin tun farko bai binciki ko za su iya biya ba. Hukumar ta hana sabunta rance fiye da sau biyu. Daga 2 ga Janairun 2015 kuma ta kafa iyaka uku: ruwa kada ya wuce kashi 0.8 cikin 100 a rana, tarar jinkiri kada ta wuce fam 15, kuma duk abin da za a biya, ruwa da tara, kada ya wuce ninkin abin da aka ranta. Ka ranci 100, ko shekara nawa ka yi, ba mai tambayarka fiye da 200.

Me ya biyo baya? Waɗanda aka cuta suka yi ta shigar da ƙara suna neman a mayar musu da ruwan da aka tatsa, a watan Agustan 2018 Wonga ya durƙushe. Kamfanin da ba ya iya rayuwa sai in an bar shi ya ninka bashi fiye da sau biyu, shi da kansa ya ba da shaida a kan irin sana'arsa. Sai dai adalcin ya zo a makare: da aka raba gadon kamfanin a 2020, masu haƙƙi kusan kashi 4 cikin 100 na abin da suke bi suka samu. Wanda ya bar makaranta a 2012 saboda bashi, ba hukumar da ta mayar masa da shekarunsa.

GEMUN MAƘWABCI

Kada a ce Ingila nesa ce. Wannan sana'a ta riga ta sauka a Najeriya cikin salula, inda ɗiyanmu da yawa ke karatu, inda ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram ke shiga da fita kullum. Manhajar rance tana ba ka kuɗi na kwana bakwai ko goma sha huɗu, da sharaɗin ka bar ta ta karanta duk lambobin da ke cikin wayarka. Ranar da ka makara, sai saƙo ya isa ga mahaifinka da malaminka da surukanka cewa kai ɓarawo ne. Wasu har hotonsu aka yaɗa da sanarwar rasuwa alhali suna raye. A 2021 hukumar fasahar sadarwa ta ƙasar ta ci tarar wani kamfani, Soko Lending, naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane. A watan Maris na 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas. A 2023 Google ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan masu waya. Duk wannan bayan an gama zubar da mutuncin mutane ba adadi. Ƴan magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu namu magabatan sun ko ɗebo ruwan?

A gida ba ma sai an jira manhaja ba. Mai kanti a bakin jami'a, ko wani mai hali a unguwa, ko ma wani babban ɗalibi da ya gano hanya, kowa ya san yadda ake sayar da alawus tun bai fito ba, kamar yadda manomi ke sayar da gero tun yana gona a lokacin bazara da tsakiyar damina, ya biya ninki da kaka.

IN RUWA YA KAI WUYA

Ga ɗalibin da ya riga ya faɗa, wa'azi ba ya cika ciki. Ga abin da muke gaya masa.

Ƙanena, kada ka ci bashi don ka biya bashi. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago, kuma da shi jika 20 ke zama jika 100. Zauna da takarda ka rubuta nawa ka karɓa, ran nawa ga wata, nawa ka biya zuwa yau. Sau da yawa za ka tarar ka riga ka mayar da uwar kuɗi har da ɗoriya, wanda ake bi bashi a gaskiya ba kai ba ne.

Sannan ka buɗe baki. Babban makamin mai cin ruwa kunyarka ce. Ya san ka fi tsoron labari ya kai gida da ka kwana da yunwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa wa mahaifinka ko kawunka ko mai masaukinka, faɗa wa wakilin ƙungiyar ɗalibai ko limamin masallacinku. Faɗan da za a yi maka na yini ɗaya ne. Da zarar labari ya fito daga bakinka, barazanar tona asiri ta mutu.

Abinci da wurin kwana da kuɗin rajista su ne gaba. Mai bashi yana bayansu, komai ƙarfin muryarsa. Kada ka ba kowa katin bankinka da lambar sirri, kada ka jinginar da katin shaidarka ko takardun karatunka. In ka riga ka bayar, je banki da ƙafarka ka ce a rufe katin a ba ka sabo, haƙƙinka ne. Daga nan ka je wurin mai kuɗin tare da dattijo shaida, ba kai kaɗai ba, a tsayar da ruwa, a yanka abin da ya rage na uwar kuɗi kashi-kashi gwargwadon ƙarfinka, a rubuta, kowa ya sa hannu. Duk abin da ka biya, a ba ka takarda.

In ya ce zai kai ka ga ƴan sanda, kada cikinka ya ɗuri ruwa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa biyan bashi. Ka dai kiyaye kada ka sa hannu a takardar da za ta mai da rance ya zama ajiya, domin ta nan ake juya magana ta koma cin amana. Mai ba da jika 20 ya karɓi jika 5 a wata shi ya fi ka dalilin tsoron gaban alƙali. Kuma komai nauyin bashi, bai kai ka bar karatu ba, balle ka cuci ranka.

Ɗalibin Ingila da ya shiga wannan hali yana da inda zai dosa: asusun agajin gaggawa na jami'arsa, ƙungiyoyin ba da shawara kyauta irin su StepChange da Citizens Advice, ofishin sasanta ƙorafin kuɗi da ke iya sa a mayar masa da ruwa in an ba shi rancen da ya fi ƙarfinsa, sannan daga 2021 da tsarin da ke dakatar da ruwa da matsin masu bashi har kwana 60 don mutum ya numfasa. Namu ɗalibin, in ka cire dangi da Allah, wa yake da shi?

WA YA TSAGA BANGON?

Mun san amsar mai ba da rance, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Zai ce: «Kuɗina ne, ba jingina, wasu sun gudu da su, da ba don ni ba da yaron ya kwana da yunwa.» Gaskiya ne akwai kasada. Amma kasadar da ake biyan ta da kashi 300 a shekara ta daina zama kasada, ta zama girbi. Kuma wanda ya jefa wa mai nutsewa igiya ya ɗaura masa ita a wuya ba ya zuwa neman godiya. Alhazai, kun fi mu sanin abin da ƙarshen Suratul Baƙara ya ce a kan riba da kuma jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, kun kuma san masu bashi suna cikin kashi takwas na waɗanda zakka ta halatta gare su. Da yawanku kun ɗauki nauyin ɗiyan wasu har suka zama mutane, ba ku nemi ko dala ba. Don me za ku bar ƴan tsiraru su ɓata sunan kasuwa baki ɗaya?

Ma'aikata kuma, ku ne ya kamata ku fi kowa ganewa. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta watannin da aka jera ba albashi ba, ba su manta Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi ba, ba su manta yadda magidanci ke sayar da albashinsa tun bai zo ba, ya sunkuyar da kai in ya hango mai kanti. Shin a lokacin son a sani ne ya kai ku? To, takardar biyan ɗalibai da ke kwana a kan teburin wani daga cikinku mako biyu tana jiran sa hannu, kowace rana ta jinkiri kuɗi ce da ke fita daga aljihun ɗan talaka tana shiga na mai cin ruwa.

Babban alhaki kuwa na magabata ne. Jinkirin alawus ya zama gado a ƙasar nan: mulkin soja da na farar hula, kowane ya tarar da shi, ya bar shi, kuma shi ne kan gaba a ƙorafin ƙungiyar USN shekara da shekaru, a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ƙannenta na Maraɗi da Damagaram da Tawa. In ɗan kasuwa ya makara da haraji, gwamnati tana ɗora masa tara. In ita ta makara da haƙƙin ɗalibi, sai ta ce a yi haƙuri, baitulmali ya bushe. Haƙurin nan yana da farashi, kuma mun lissafa shi a sama: jika 5 a kan kowace jika 20, kowane wata.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba. Hukumar ANAB mai kula da alawus ta fitar da ranakun biya tun farkon shekarar karatu, a buga su, a kuma bi su. Kowace jami'a ta buɗe asusun gaggawa da zai ranta wa ɗalibi ba ruwa, a cire daga alawus ɗinsa ranar da ya fito. Ai gwamnati ta fi kowa sanin ko za ta biya. Masu shigar da ƙara na gwamnati su kakkaɓe ƙurar da ke kan dokar hana cin ruwa, su yi aiki da ita ko sau ɗaya, kowa ya gani. A kafa ƙa'ida a kan rancen salula tun bai yi jijiya ba: a hana taɓa lambobin wayar mutane, a kuma ɗauki iyakar nan ta Ingila, bashi kada ya wuce ninkinsa ko da me.

Ƙungiyar ɗalibai ma tana da nata aiki bayan yajin karatu da jerin gwano. A 1991, a yankin Maraɗi, matan karkara suka fara tsarin Mata Masu Dubara da tallafin ƙungiyar CARE: kowace ta zuba ɗan abin da take da shi duk mako, a ranta wa mai bukata, abin da ya hau ya koma cikin asusu a raba. Tsarin ya fita daga Nijar ya bazu ƙasashe da dama. Matan da yawancinsu ba su taɓa zama a aji ba sun iya. Masu karatun tattalin arziki da shari'a su ne za su kasa?

Ranar 9 ga Fabrairun 1990, a kan gadar Kennedy ta Yamai, ɗalibai uku suka rasa rayukansu a jerin gwano, jininsu kuma yana cikin abin da ya buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991. Da yawa daga cikin waɗanda suka hau kujeru tun daga lokacin, ta kan wannan gada suka bi, da alawus ɗin gwamnati suka yi karatu. In ana zancen bashin da ya daɗe ba a biya ba, a fara da wannan. Kafin wani ya sake tambayar ɗalibi wa ya aike shi, ya fara tambayar wanda ya riƙe masa kuɗinsa: ran nawa ga wata za a biya?